Takalmin zamanin da: ka saya, ka ba da ɗinki, ko ka ɗinka da hannunka?

Mai shiga wasan raya tarihi, wato wasan da ake sa kayan mutanen wani zamani a kwaikwayi rayuwarsu da yaƙinsu, yakan zuba ƙarfinsa kan riga da hula da sulke da takobi, sai ana saura kwana kaɗan taro ya tuna da ƙafa. Su kuwa waɗanda suka san harkar, ƙasa suke fara kallo. Riga tana iya rufa wa mai ita asiri daga nesa, amma takalmi ba ya yi: tafin roba a ƙarƙashin sojan Rum, ko dunduniya mai tudu a ƙafar manomin ƙarni na 13, ana hango su tun daga bakin fili. Bayan haka, takalmi ne kaɗai cikin kayan da zai ɗauki nauyinka tun safe har dare, a ciyawa da laka da tsakuwa. Idan bai yi daidai ba, ƙafarka ce za ta biya.

Hanyoyin samunsa biyar ne: na masana'anta da aka riga aka ɗinka, wanda baduku zai ɗinka maka da awon ƙafarka, wanda za ka ɗinka da kanka, takalmin zamani da aka yi wa kwaskwarima, da tsohon takalmi na asali. Babu ɗaya da ta fi sauran a kowane hali. Zamanin da kake kwaikwaya shi ne zai zaɓa maka, domin abin da ya raba takalmin wani ƙarni da na wani shi ne yadda aka haɗa tafi da sama.

Fara juya takalmin ka duba ƙasansa

Sojan Rum na ƙarni na 1 yana sa kaliga. A ido kamar fade yake, mai ziri-zirin fata har idon sawu, amma gininsa na takalmin tafiya ne. Ana yanke saman daga fata ɗaya tare da tafin tsakiya, a sa tafin ciki a sama, tafin waje a ƙasa, sannan a haɗe ukun da ƙusoshin ƙarfe masu kai, a lanƙwasa tsininsu ta ciki. Daga farkon ƙarni na 2 sojojin da ke arewacin daular suka koma takalmi sau-ciki, shi ma da ƙusa. Dubban takalman da aka tono a sansanin Vindolanda, kusa da ganuwar Hadiriyan a arewacin Ingila, sun nuna wannan canji sarai. Don haka kaliga a ƙafar mai kwaikwayon ƙarni na 3 kuskure ne, ko da ɗinkinsa ya yi kyau.

Tun zamanin Bikin (Viking, mayaƙan teku na arewacin Turai) har zuwa wajen shekarar 1500, takalmin Turai na juyi ne. Ana ɗinka shi a juye, cikinsa a waje, a jiƙa shi, sannan a birkito shi, ɗinkin ya koma ciki. Tafinsa ɗaya, ba dunduniya, ba a saba sa masa ƙusa ba, kuma akwai na dama da na hagu. Irinsa aka tono a Coppergate ta birnin York tsakanin 1976 da 1981, da Hedeby a arewacin Jamus, da bakin kogin Landan. A ƙarni na 12 aka fara cusa siririn zirin fata tsakanin tafi da sama don rage shigar ruwa. Wannan zirin ne ya yi ta faɗi har aka fara ɗinka masa tafi na biyu, kuma wajen 1500 aka daina juyawar: aka koma ɗinka sama da tafin ciki da ziri wuri ɗaya a kan ƙafar katako, wato katako mai siffar ƙafa da ake gina takalmi a kansa, sannan a ɗinka tafin waje mai kauri a jikin zirin. Takalman jirgin ruwan Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982, sun nuna wannan sabon ɗinki ya riga ya zauna.

Dunduniya mai tudu ba ta shiga yammacin Turai ba sai ƙarshen ƙarni na 16, kuma daga mahayan dawakin Farisa aka ɗauko ta. Da zuwanta aka daina bambanta dama da hagu: kimanin shekara ɗari biyu ana ɗinka ƙafa biyu a kan ƙafar katako iri ɗaya, sai a ƙarni na 19 bambancin ya dawo. Maƙalin ƙarfe a saman ƙafa ya fito wajen 1660. A watan Janairun shekarar ne Samuel Pepys, wani ma'aikacin gwamnati a Landan, ya rubuta a littafin da yake rubuta al'amuransa na kullum cewa ya fara sa shi a takalminsa, kuma ya ci kasuwa har shekarun 1790 kafin igiya ta ture shi. Idon ƙarfe a hudar igiya na shekarun 1820 ne. Tafin da ake kafewa da tsinkayen katako ya yaɗu a Amurka a farkon rabin ƙarni na 19. Lyman Blake ya yi rajistar keken ɗinka tafi a 1858, keken Goodyear mai ɗinka ziri ya bazu daga shekarun 1870.

Wannan jerin shekaru shi ne ma'auninka. Duk abin da ka gani a jikin takalmi, ka tambayi kanka ko an riga an ƙirƙiro shi a shekarar da kake kwaikwaya.

Fata

Jimar kurom, wato jima da sinadarin kurom (chrome), wadda ake yi wa yawancin fatar takalma a yau, ba ta shiga kasuwa ba sai shekarun 1880 da 1890. Kafin nan da ɓawon itace ake jima, musamman na oak, kuma fatar tafi takan yi shekara ko fiye a cikin rami. Akwai kuma farar fata mai laushi da ake gyarawa da alif. Gane bambancin ba wuya. Ka duba bakin da aka yanka: fatar kurom takan nuna launin toka mai ratsin shuɗi a tsakiya, ta ɓawon itace kuwa ruwan ƙasa ce ciki da waje. Idan aka ba ka ɗan guntu, ka jiƙa shi ka ɗora masa ƙusa: jimar ɓawo za ta yi baƙin tabo. Ita ce kuma take karɓar siffa idan ta jiƙe ta riƙe bayan ta bushe, abin da ɗinkin juyi ya dogara a kai.

Kaurin da ya dace shi ne milimita 1.5 zuwa 2 a sama, fatar maraƙi ko ta akuya. Milimita 3 zuwa 4 a tafin takalmin juyi. 4 zuwa 5 ko fiye a tafin waje na mai ziri. Masu sayar da fata da yawa da oza suke awo, oza ɗaya kuwa kimanin milimita 0.4 ce. A tonon Landan fatar akuya da ta tunkiya sun fi yawa a ƙarni na 12 da farkon na 13, daga baya fatar maraƙi ta rinjaye. Fatar da aka tsage gida biyu aka goge ta zama kamar karan-miski, wadda ta cika takalman araha, ba ta cikin lissafi. Kada a haɗa ta da takalmin soja da na ma'aikata na ƙarni na 18 da 19, wanda ake juya gefen nama waje a cika shi da kitse da kaki da baƙi. Wannan cikakkiyar fata ce, juya ta kawai aka yi.

Na masana'anta

Amfaninsa a fili yake: yana nan a shirye, ya fi sauƙin kuɗi, kuma sau da yawa ana iya mayarwa idan bai shiga ba. Tambayar ita ce wane zamani.

Daga shekarun 1860 zuwa gaba, na masana'anta shi ne daidai, domin na asalin ma a masana'anta aka yi shi. Mai kwaikwayon yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 zai sami takalmin soja mai kai idon sawu, mai tafin ɗinki ko na tsinken katako, dukansu an yi amfani da su. Idan na tsinke ne, ka sa hannu ciki ka shafa: tsinin da ba a goge ba zai huda safa ya ci ƙafa. Tsinken yakan kumbura ya kama idan akwai danshi, ya saki idan takalmin ya bushe ƙayau, don haka ba a ajiye irinsa kusa da wuta ko a ɗaki mai zafi. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu ma haka: takalmin sojan Birtaniya mai ƙusa da ƙarfen baki da na dunduniya, dogon takalmin Jamus, da na Amurka mai maƙali biyu na 1943, duk ana yin kwafinsu da kyau. A nan roba ba laifi ba ce a ko'ina. Takalman sojan Amurka na Yaƙi na Biyu da yawa da tafin roba aka yi su, alhali na Birtaniya fata ne da ƙusa. Abin dubawa shi ne siffar bakin takalmi, yawan hudar igiya, tsarin ƙusa, da irin fuskar fatar.

Kafin 1500 kuwa labari ya sha bamban. Keken ɗinki na yau da kullum ba ya iya ɗinkin da ke shiga ta gefen nama ya fito ta kaurin fata, don haka masana'anta sukan yi dabara. Wasu su ɗora gefe kan gefe su bi da keke, layin zare ya fito fili a wurin da ya kamata a ga haɗi lumui. Wasu su baje bakin saman waje su ɗinke shi a kan tafi, takalmin ya yi leɓe zagaye. Wasu su manna da gam kawai. Mafi muni shi ne wanda zarensa ya ratsa tafi ya fito ƙasa: kowane taku yana cin zaren, kuma ranar da ya tsinke a wuri ɗaya sauran za su bi. Araha ba ta ado, in ji masu magana, amma a gaskiya akwai na tsaka-tsaki: saman keke, tafin juyi na gaske. Ga sabon shiga da bai tabbatar zai daɗe a harkar ba, wannan ya wadatar, muddin ƙungiyarsa ta yarda.

Kada ka dogara da lambar takalminka ta kullum. Lambar Ingila tana hawa da sulusin inci, kimanin milimita 8.5, ta Turai da kashi biyu cikin uku na santimita, kuma kowace masana'anta da irin ƙafar katakonta. Ka nemi tsawon tafin ciki da faɗinsa a milimita. Ka nemi hoton ƙasan takalmi da na cikinsa, ba na gefe kaɗai ba. Mai sayarwar da ya ƙi nuna ƙasa yana da dalili.

Ba da ɗinki

Tsakanin 1500 da wajen 1850 nan ne baduku ya zama dole, a ganinmu. Takalmi mai ziri da dunduniya aiki ne na wanda ya koyi sana'a: jan fata a kan ƙafar katako, ɗinkin ziri, ɗinkin tafi, tara dunduniya falle kan falle. Mai koyo ba zai iya shi a mako ɗaya ba, masana'anta kuma sukan ɗora shi kan ƙafar katako ta zamani, mai tudun yatsu da lanƙwasar dama da hagu, sai siffar ta tashi daga ta ƙarni na 17 ta koma ta takalmin ofis.

Kafin ka ba da aiki, tambaya ɗaya ce take tace gwani: wane takalmi na asali kake kwaikwaya? Wanda ya san aikinsa zai ambaci wurin da aka tono shi ko gidan tarihin da yake, da shekarunsa, ya nuna maka zanen yankansa. Wanda ya ce maka "na zamanin da ne" kawai, ya haɗa shekara dubu a kalma ɗaya. Sai ka bi da sauran: wace jima, wane zare, da hannu ko da keke, a ina aka sa gam in an sa. Zaren lilin ko na rama da aka murza da kaki mai ƙaro shi ne na asali. Zaren roba ya fi ƙarfi, amma yana yanka fata idan ta jiƙe kuma yana ƙyalli.

Awo shi ne inda yawancin ciniki ke lalacewa, musamman idan baduku yana nesa. Ka auna da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kana tsaye, sanye da ainihin safar da za ka sa a fili, domin safar ulu mai kauri tana ƙara kusan lamba guda. Wani ne zai zana maka, ba kai ba, don in ka sunkuya nauyi ya kauce. Fensir ya tsaya cak, kada ya kwanta ya shige ƙarƙashin ƙafa. A auna kewayen gaɓar yatsu, kewayen tudun ƙafa, daga dunduniya zuwa gaban idon sawu, in dogon takalmi ne a ƙara ƙwauri da tsawo. Ƙafa biyu duka, don da wuya su zo ɗaya. Idan za ka aika zanen ta intanet, ka ja layin santimita 10 a jikinsa, domin na'ura takan rage ko ta ƙara girman takarda ba tare da kowa ya lura ba.

Takalmi marar dama da hagu yana ba mutane tsoro fiye da yadda ya kamata. Fata mai kyau takan bi ƙafa cikin 'yan kwanaki. Mutanen zamanin da sukan musanya ƙafa don tafi ya ci daidai. Kai kana iya barin kowanne a ƙafarsa ya zauna, ya fi daɗi. Mai faɗin yatsu sosai ko mai ciwon gaɓar babban yatsa ya gaya wa baduku tun farko a ƙara masa fata a jikin ƙafar katako.

Game da maƙalin ƙarni na 18: ka saye shi kafin a yanka fata, domin faɗin kunnuwan takalmi dole ya yi daidai da faɗin cikin maƙali. Kunnuwan sukan zo ba huda. Kada ka yi gaggawar hudawa. Ka sa takalmin a gida kwana biyu ko uku, fata ta saki, sannan ka ja kunnen ka sa alama inda haƙoran maƙali suka taɓa, ka huda da basilla. Wanda ya huda ran farko zai sake hudawa, kunnen ya cika da ramuka ya yage.

Aibin wannan hanya biyu ne: kuɗi da jira. Gwanaye kaɗan ne, layinsu yakan kai watanni. Ribarta ita ce takalmi mai ziri ana sake masa tafi sau da yawa, saman yana nan.

Ɗinka da hannunka

Ga duk mai kwaikwayon zamanin Bikin zuwa ƙarni na 15, wannan ce hanyar da muka fi so, kuma ba don sauƙin kuɗi kaɗai ba. Takalmin juyi ba ya daɗewa. Tafi ɗaya ne tsakaninka da ƙasa, kuma mutanen zamanin ma sukan cinye nasu cikin 'yan watanni, shi ya sa juji ya cika da su. Wanda ya iya ɗinkawa ya iya gyarawa.

Kayan aiki kaɗan ne: wuƙa mai kaifi, basilla madaidaiciya da mai lanƙwasa, zaren lilin, kaki, allura biyu masu dakushin baki. Dukawan Turai da gashin aladen daji suke jan zare maimakon allura, saboda yana bin lanƙwasar huda. Wanda ba ya son taɓa shi, siririn zaren kamun kifi da aka ninka yana yin aikin.

Don fitar da zane, ka sa safa, ka rufe ta da leda, ka naɗe ƙafa da tef mai manne har ya yi kwasfa, ba tare da matsewa ba. Ka zana layin tafi da layin baki da wurin haɗi, wanda yawanci a gefen ciki na ƙafa yake, ka yanke ka baje a takarda. Tafin takalmin juyi ya fi sawun ƙafa siranta, musamman a ƙugu, don saman ne yake zagayowa ya rungumi ƙafa. Wanda ya yanka tafi daidai da zanen sawunsa zai sami takalmi mai faɗi, kuma zai riƙa taka ɗinkin. A ƙara milimita 4 zuwa 5 a bakin saman don ɗinki. Ka gwada da tsumma mai kauri kafin ka taɓa fata.

Fuskar fatar tafi, wato gefen gashi, ita ke kallon ƙasa. Basilla tana shiga ta gefen nama, kimanin milimita 4 ko 5 daga baki, ta fito ta tsakiyar kaurin fatar, sannan ta ratsa saman. Haka zare ba ya taɓa ƙasa ko kaɗan. Tazarar huda milimita 5 zuwa 6. Zare biyu ne ke ratsa kowace huda, ɗaya daga nan ɗaya daga can, a ja su tare da ƙarfi. Idan hudar ta yi kusa da fuska, fata za ta tsage lokacin ja. Idan jan bai yi ƙarfi ba, bayan juyawa za ka ga zare yana murmushi tsakanin tafi da sama, ruwa da yashi su sami ƙofa.

Akwai abin da ke rikita kowane mai koyo: abin da aka juya yana sauya hannu. Takalmin dama, yayin da yake a juye, siffar hagu gare shi, kuma a kan ƙafar katakon hagu ake ɗinka shi. Ka rubuta "dama" da "hagu" a gefen nama na kowane yanki tun kafin ka fara, in ba haka ba za ka tashi da ƙafa ɗaya guda biyu.

Idan ɗinki ya kammala, a jiƙa takalmin a ruwa mai ɗumi kaɗan har tafi ya yi laushi. Ruwan zafi yana ƙona jimar ɓawo, ta ƙanƙance ta yi tauri, ba ta dawowa. A juya a hankali da yatsu, a tura bakin da sanda mai dakushin kai. A nan ne kaurin tafi ke nuna kansa: wanda ya wuce milimita 4 zai ba ka wuya, a takalmin yaro ko mai tsinin baki ma yana iya ƙin juyuwa. Ka sa shi a ƙafa yana da ɗan danshi ya ɗauki siffa, ka cusa takarda ya bushe a inuwa, sannan ka shafa kitse da kakin zuma. Ya kama ƙafa da farko, don zai saki. Ƙafa biyun farko kan ci kwana biyu ko uku na aiki, kuma na biyu kullum ya fi na farko kyau.

Mai son dogon tsinin ƙarni na 14 da 15 ya cusa masa gansakuka ko gashi kamar yadda aka samu a na Landan, in ba haka ba zai kwanta. Ya kuma duba matsayin wanda yake kwaikwaya: dokar Ingila ta 1463 ta hana duk wanda bai kai matsayin babban basarake ba tsinin da ya wuce inci 2.

Kwaskwarima da tsohon asali

Takalmin zamani da aka lulluɓe da fata ko aka cire wa ado ba ya wucewa a zamanin da ya gabaci ƙarni na 19. Tudun yatsu da kaurin tafi suna tona shi. Yana da wuri biyu kawai: ƙarshen ƙarni na 19 zuwa na 20, inda baƙin takalmin fata marar ado, mai tafin fata, marar zif da soso a wuya, yake kusa da na asali, da kuma mai lalurar ƙafa da likita ya ɗora wa takalmi na musamman. Shi wannan lafiyarsa ce gaba, kuma sau da yawa baduku yana iya barin wuri a cikin takalmin tarihi don shimfiɗar likita ta shiga ba a gani.

Na asali kuwa, ko da ka samu daidai ƙafarka, kada ka sa. Zaren da ya shekara tamanin ko ɗari ya riga ya ruɓe ko da fata tana sheƙi, kuma tsohuwar jimar ɓawo takan koma jan gari. Yini ɗaya a laka zai hallaka abin da ba a sake yin irinsa. Amfaninsa shi ne a auna, a ɗauki hoto, a ba mai ɗinki. Rarar kayan soja na bayan yaƙi dabam ne: takalmin Birtaniya mai ƙusa ya ci gaba da fita shekaru bayan 1945 da ɗan canji kaɗan, kuma irinsa yana yin aiki in an duba bambancin.

Ƙasar da za ka taka

Takalmin da ya fi kowanne inganci yana iya kayar da kai. Tafin fata a jiƙaƙƙiyar ciyawa santsi ne, ƙusa kuma a kan dutse ko daɓen siminti ta fi shi. Ba sabon abu ba ne: Yusufus, marubucin tarihi, ya ba da labarin wani hafsan Rum mai suna Yuliyanus da ƙusoshin takalminsa suka zame a kan daɓen Haikali a Urushalima a shekara ta 70, ya faɗi aka kashe shi. Mai ƙusa ya gajarta taku a kan dutse, kuma ya sani gidajen tarihi da yawa ba sa barin a shiga musu da ita. Ya riƙa duba ƙusoshin bayan kowane taro, ya maye waɗanda suka fita, domin gurbin ƙusa ɗaya yana sa na kusa da ita su ci da sauri.

Mai takalmin juyi ya koyi sauke ƙafa a hankali maimakon dukan ƙasa da dunduniya. Ya fara sa shi awa ɗaya ko biyu a rana, makonni kafin taro, don agara da tafin ƙafa su saba da rashin tudu. Shimfiɗar ulu da aka dake, mai kaurin milimita 3 zuwa 5, tana rage zafin tsakuwa da sanyi. Maganin laka a ƙarni na 14 da 15 shi ne dangarafai, takalmin katako mai maɗaurin fata da ake sawa a ƙarƙashin na fata, kuma shi ne abu na biyu da ya kamata ka mallaka: yana ninka kwanan tafi, yana raba ka da ruwa. Idan tafi ya fara ci, a ɗinka masa faci biyu, gaba da dunduniya, da ɗinkin da ke bi ta cikin kaurin fata. Takalman da aka tono da yawa da irin wannan faci aka same su, don haka takalmi mai faci ya fi sabo kama da gaskiya.

Saura batun siririyar roba da wasu ke mannawa a ƙasa don gudun santsi, musamman masu wasan faɗa. Wasu ƙungiyoyi sun yarda da ita, wasu sun hana sam, wasu sun yarda a filin faɗa banda wurin baje koli inda 'yan kallo ke ɗaga takalmi su duba. Ka karanta dokar ƙungiyarka kafin ka biya ko ka yanka fata. Idan an yarda, milimita 1.5 zuwa 2 ta isa, a yanke ta ta tsaya ɗan nesa da baki don kada a gan ta daga gefe, a manna bayan takalmin ya bushe kuma kafin a shafa wa tafin kitse, domin gam ba ya kama fata mai maiƙo.